Malamar da Ake Rawa da Koyarwarta Har Yau

Tambaya: Na ji an ce shahararriyar makarantar rawar bale (wata rawar dandali ta Turawa) ta birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha tana ɗauke da sunan wata malama. Wace ce ita, kuma me ta bar wa ɗalibanta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Sunanta Agrippina Vaganova, an haife ta a 1879, ta rasu a 1951. Ta bar dandalin rawa a 1916 ba tare da ta yi wani babban suna ba, amma da ta koma koyarwa sai ta haɗa taushin salon Faransa da ƙarfin salon Italiya, ta tsara su mataki-mataki, ta kuma wallafa tsarin a littafi a 1934.

Abin da ta fi nacewa a kai shi ne gadon baya. A wurinta, kafin yarinya ta ɗaga ƙafa ko ta yi tsalle, dole ne bayanta ya tsaya daram, sa'annan kai da kafaɗu da hannuwa su tafi tare, ba kowanne da nasa ba. Masana kan gane ɗalibanta daga tsayuwarsu kawai.

A ganina, babban abin da ta bari shi ne yadda ɗalibanta suka zama malamai. Marina Semyonova da Galina Ulanova sun horar da 'yan rawa a gidan wasan Bolshoi na Mosko, ita kuwa Irina Kolpakova, wadda ta kammala a 1951, ta kai wannan koyarwa har Amurka. An sanya wa makarantar sunan Vaganova a 1957.