Magnesiyam salfet: na allura da na gona abu ɗaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Jinin matata ya hau a watan haihuwarta, aka yi mata allurar magnesiyam salfet, alhamdu lillahi ta sauka lafiya. Daga baya na ga wannan sunan a jikin buhun taki, wani kuma ya ce mini shi ne gishirin Efsom da ake jiƙa ƙafa da shi. Abu ɗaya ne? Zan iya ajiye shi a gida saboda gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya raya, Ya ƙara wa mai jego lafiya.

Sinadarin ɗaya ne, haɗin magnesiyam da salfa da oksijin. In ka zuba shi a tafin hannu za ka ga ƙwayoyi masu ƙyalli kamar sukari, sai ka ɗanɗana ka ji ɗaci. Nan da nan yake narkewa a ruwa. Sunan Efsom kuwa na wani gari ne a Ingila mai maɓuɓɓugar ruwa mai ɗaci, kuma a 1695 likita Nehemiah Grew ya yi rubutu kan gishirin da ya fitar daga ruwan.

Amma tsabtarsu ba ɗaya ba ce, haka ma hanyar da kowanne ke bi ya shiga jiki. Allurar da aka yi wa uwargida ba don saukar da jini ba ce, wannan da maganinsa daban. Aikinta kare mai ciki daga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, ciwon da ke iya tafiya da uwa da ɗa. Wani gwajin magani mai suna Magpie, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya haɗa mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar na rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A ganina, da wuya ka sami magani mai araha da ya ceci mata kamarsa. Sai dai yana da kaifi. In ya yi yawa a jini yakan saki tsokoki har numfashi ya tsaya. Shi ya sa wataƙila ka ga ma'aikaciyar jinya tana ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar matarka da 'yar guduma ta ga ko ƙafar za ta zabura, tana ƙirga numfashinta, tana auna fitsarinta, ga allurar kalsiyam gulukonet a ajiye kusa domin karya shi in ya wuce ƙima. Akan ba da magnesiyam salfet ɗin ta jijiya ga mai asma da ta tsananta ma.

In aka sha shi kuwa, kaɗan ne ke shiga jini. Sauran ya tsaya a hanji yana jawo ruwa, sai gudawa. Ka ga ke nan shan sa ba ya hana jijjiga, sai dai ya ƙarar wa mai ciki ruwan jiki. Mai ciwon ƙoda kada ya kusance shi, domin ƙoda ce ke fitar da shi. Jiƙa ƙafa kuwa yana da daɗi, amma hujjar cewa yana ratsa fata ba ta da ƙarfi, ruwan ɗumin ne ke yin yawancin aikin. Mai ciwon suga ya bar jiƙa ƙafa sai da izinin likita.

A gona yana da rana. Magnesiyam ne ke tsakiyar sinadarin da ke sa ganye kore. In ya yi ƙaranci, tsofaffin ganye na ƙasa su ke fara zama rawaya a tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuma suna nan kore shar. A nan feshinsa ke taimakawa. Amma ba ya maganin ruɓewar gindin tumatir, wannan matsalar kalsiyam ce, yawan magnesiyam ma ƙara ta yake yi.

Na buhu ka bar shi a gona, Malam. In Allah Ya kawo wani cikin, ta fara awo da wuri, ta gaya musu jininta ya taɓa hawa. Da zarar ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ta fara gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko saman cikinta ya murɗa, a kai ta asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.