Ƙanena ya samu sauƙi yana son komawa kasuwa, Hajiya ta ce a'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena ne yake da larurar ƙwaƙwalwa, irin wadda in ta motsa sai ya daina barci ya yi ta surutu yana rabon kuɗi, shekara 3 da suka wuce haka ya rabar da jarinsa kaf a kasuwar Kantin Kwari. Yanzu alhamdulillah shekara 2 kenan yana shan magani bai tashi ba, shi ne yake so a ba shi kasonsa na gadon Abbanmu ya koma harkar atamfa, Hajiya kuma ta ce sam, ya zauna a gida ai ba a rasa ci ba a rasa sha ba. Ni wallahi na rasa bayan wa zan bi.
Daga wata 'yar'uwa a Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tsoron Hajiya ba laifi ba ne, wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Amma fa zaman gidan nan da kuke ganin kariya ce shi ma yana cin mutum, namiji baligi a ce ko kuɗin kati sai ya roƙa, yana kallon sa'o'insa suna fita nema, a hankali sai ya fara jin maganin ma ba shi da amfani tunda ya sha bai sha ba duk ɗaya ne.

Kuma gadon nan haƙƙinsa ne. Ko dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba ta yarda a mayar da mai larura kamar ƙaramin yaro ba, ta ce a riƙa shawara da shi kan maganinsa. Karyewar jari kuwa, masu cikakkiyar lafiya nawa suka karye a Kwari kuma ba wanda ya kulle su a ɗaki?

Ku zauna da shi yanzu da yake cikin natsuwarsa, shi da bakinsa ya faɗi yadda yake so a yi in alamun suka dawo, wa za a kira, wa zai riƙe katin ATM da makullin shago na 'yan kwanaki, a rubuta a ajiye. Ku tambaye shi ko zai yarda ya fara da rabin kuɗin, tambaya fa na ce ba umarni ba. Ranar ganin likita ku je tare idan ya amince, a yi maganar a gabansa, ba a bayan idonsa ba kamar yadda muka saba.

Barcin nan shi ne abin lura, in ya kwana 2 ko 3 ba ya barci kuma ba ya jin gajiya, ko ya ajiye magani da kansa, ko ya fara zancen cutar da kansa, a nan ba a jira ranar asibiti, a kai shi a ranar.