Amsa ga Malamar da Mujalla Ta Dawo wa da Maƙala Saboda Manazarta

Wa alaikumus salam, Malama. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce mujalla ta dawo miki da maƙala saboda manazarta ba su bi salonta ba, kuma a madogaranki akwai littafi, da jarida, da hira da dattawa, da fayil na gidan adana kayan tarihi, har da rubutun Facebook, kin rasa ta inda za ki kama. Kwantar da hankalinki. Ni ma sau biyu ana dawo mini da aiki a kan wannan, na farkon ma har na yi fushi, ina ganin neman magana ne kawai irin na editoci.

Kafin ki taɓa komai, ajiye salon da kika yi kundin digirinki da shi. Nan yawancinmu muke faɗawa rami: sashenku ya koya miki abu ɗaya, kin saba, sai ki ɗauka ko'ina haka ake yi. Kowace mujalla da ƙa'idarta. Ki buɗe shafin da suka yi wa marubuta bayani, sannan ki sauko da maƙala biyu daga fitowarsu ta baya-bayan nan, ki sa a gefe kina kwaikwayo, har waƙafi da aya. Idan sun ce APA, wato salon rubuta manazarta na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, ki duba wane bugu. Bugu na 7 ya fito a 2019, kuma ya sauya abubuwa da dama: an daina rubuta garin da aka buga littafi, ana jera sunayen marubuta har 20 a manazarta, a cikin rubutu kuwa da zarar sun kai uku sai ki kawo na farko ki bi shi da "et al." tun daga ambaton farko. Idan sun ce Harvard, to babu wata hukuma guda da ke riƙe da shi, kowane gida da irin nasa, don haka samfurinsu ne kaɗai abin bi. Mujallun likitanci galibi Vancouver suke bi, lambobi ne bi da bi yadda madogaran suka fara bayyana. 'Yan tarihi kuma sun fi son bayanin ƙasan shafi irin na Chicago.

Littafi da maƙalar mujalla ba su da wuya. A APA littafin Sardauna zai zo haka: Bello, A. (1962). My life. Cambridge University Press, sunan littafin a karkace. Maƙala kuwa sunan mujallar da lambar juzu'i ne ake karkatawa, sai lambar fitowa, sai shafuka, sai DOI, wato lambar da ake gano maƙala da ita a intanet, in akwai. Jarida, ko New Nigerian ce ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, shekara kaɗai ba ta isa ba, sai da wata da rana da shafi. Wa zai zauna ya bincike jaridun shekara guda don neman labari ɗaya?

Inda aikin yake shi ne sunayenmu. Waɗanda suka tsara salon nan sun ɗauka kowa yana da sunan dangi a ƙarshe. Mu kuwa mutum ɗaya zai sa hannu da sunan mahaifi a wannan maƙala, a waccan ya ƙara sunan garinsu, a ta uku ya taƙaita biyun farko. Abin da nake yi: na bi yadda sunan ya fito a jikin aikin da ke hannuna, na ɗauki na ƙarshe, ko da sunan gari ne, kuma ba na gyara wa mutum sunansa. Muƙami irin Farfesa, Alhaji, Dakta, duk ba sa shiga, komai girman mai shi. Ki kula da haruffa masu lanƙwasa ma. Akwai ranar da kwamfuta ta kwashe mini duk sunayen da suka fara da Ɗ ta jibge su can ƙasan Z, ban lura ba sai da mai duba maƙalar ya ja musu layi.

Fayil ɗin gidan adana kayan tarihi kuwa, bari in ba ki labarin sakacina. Na yi kwana huɗu ina zirga-zirga zuwa gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, na cika littafin rubutu da bayanai daga takardun lardin Zazzau, na rubuta sunan fayil da shekara, amma ban kwafi lambar da ke bangon ba. Bayan wata biyar edita ya ce ina lamba? Haka na sake hawa Keke Napep na koma, na yi ta bin kundin jerin fayiloli da yatsa har la'asar kafin na gano biyu daga cikin fayiloli ukun da na yi amfani da su. Na ukun dole na cire shi daga maƙalar, da shi da sakin layin da ya dogara a kansa. Don haka ki rubuta NAK, taƙaitaccen sunan gidan na Kaduna, sai rukunin, wato ZARPROF (takardun lardin Zazzau) ko SNP (na sakatariyar lardunan Arewa) ko wanda ya kasance, sai lambar fayil, da sunansa, da shekara, tun fayil ɗin yana gabanki. Haka ma in Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, kika je, ki kwafi lambar da suka ba takardar yadda take.

Hira da dattawa ta danganta da mujallar. A APA, maganar da wani ya faɗa miki baki da baki ba ta shiga jerin manazarta, tunda mai karatu ba shi da inda zai je ya same ta. A cikin rubutu kawai za ki ambaci sunansa da cikakkiyar ranar. In kuma mutanen da kika yi bincike a kansu ne, maganarsu bayanan bincikenki ce, kuma sau da yawa sakaya suna ake yi. Mujallun tarihi na gida akasin haka suke: suna son suna, da shekaru, da sana'a, da wurin hira, da rana. A ganina nasu ya fi dacewa da mu, domin ilimi mai yawa a ƙasar nan a bakin tsofaffi yake, amma ba ra'ayina za a buga ba, ki bi na mujallar. Ki dai nemi izinin dattijon kafin ki sa sunansa.

Rubutun Facebook: sunan mai shafin, da rana, da kalmomi 20 na farko a matsayin take, da adireshin rubutun. Ki ɗauki hotonsa yau ɗin nan, don gobe mai shi yana iya gogewa. Ayar Alƙur'ani kuma sura da lambar aya ake kawowa, ba shafi ba, tare da faɗin fassarar da kika yi amfani da ita.

Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki sa littafin da ba ki gani da idonki ba. Idan a wurin wani kika tsinci maganar, ki ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito, wanda kika karanta shi ne zai shiga manazarta. Mu da muka tashi muna jin isnadin hadisi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Masu duba maƙala suna ganewa, musamman in kuskuren shekara ya bi ta hannu uku ya iso gare ki.

Zotero, wato manhajar tsara manazarta, kyauta ne, yana sauya salo cikin daƙiƙa, amma abin da kika zuba masa shi zai fitar, kuma bayanin manazarta da Google Scholar, shafin neman maƙalu, ke bayarwa yakan buƙaci gyara. In kin gama, ki buga maƙalar a takarda, ki ɗauki biro, duk sunan da ke cikin rubutu ki nemo shi a manazarta ki yi masa alama, sannan ki juyo ta baya. In marubuci ɗaya yana da aiki biyu a shekara guda, ki raba su da harafin "a" da "b" a bayan shekarar. Ki faɗa mana sunan salon da suka nema da bugunsa, ki liƙo manazarta guda uku da suka fi ba ki wahala, in Allah Ya kai mu bayan isha'i zan duba miki.