Amsar tambaya kan yaro mai baiwa da ajin musamman

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Hajiya, na saurari muryarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa, don maganar tana da ɗan tsawo. Ga waɗanda ba su ji ba: ta ce yaronta shekararsa 7, yana karanta littattafan da 'yan aji biyar ke fama da su, aikin lissafi na rabin sa'a shi a minti biyar ya gama, daga nan sai surutu da tsokanar na kusa da shi. Makarantar ta ce tana da shiri na musamman na yara masu baiwa, wasu kuma na ba ta shawarar a tsallakar da shi aji. Tambayarta ita ce, shirin nan yana da amfani kuwa, ko suna ne kawai?

To Hajiya, surutun nan dai ruwa ba ya tsami banza. Yaron da aka zaunar sa'a biyar ko shida ana maimaita masa abin da ya riga ya sani, dole ya nema wa kansa abin yi. Amma ba surutun ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da zai yi shekara shida yana cin maki cikakke ba tare da ya taɓa yin gumi ba. Irin wannan yaro bai san yadda ake zama a yi bitar darasi ba, bai san yadda ake kasa abu yau a dawo masa gobe ba. Ranar da ya fara haɗuwa da abu mai wuya, a sakandare ne ko a jami'a, sai ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙare. Alamar tana fitowa tun yanzu in kin lura: ya kuskure lissafi ɗaya, ya yi ta gogewa har takardar ta huje, ya rufe littafin da ƙarfi, ya ce shi dama ba ya son lissafi. Saboda haka duk shirin da za a kawo miki, ki auna shi da tambaya ɗaya: a kullum, yaron nan zai gamu da aikin da zai tsayar da shi ya yi tunani? In amsar e ce, ki karɓa hannu bibbiyu.

Bari in fara da gwaji, don mafi yawan shirye-shiryen da shi suke zaɓe. Wanda aka fi amfani da shi sunansa WISC, gwajin auna basira ne na yara daga shekara 6 zuwa 16. Masanin halayyar ɗan'adam da aka horar ne ke zama da yaro su biyu kaɗai, kamar sa'a ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Matsakaicin maki 100 ne, kuma galibin shirye-shirye suna yanke layi a 130, wato kusan yara 2 cikin 100. Waɗannan gwaje-gwajen da ake yi a waya a minti goma, ki bar su, ba su auna komai. Ko na gaskiyar ma, makin ba tsayayye ba ne kamar tsawon mutum. Yaron da ya samu 127 yau zai iya samun 132 a wata ranar da ya yi barci sosai ya kuma saki jiki da mai gwajin. Kuma kada ki karɓi lamba ɗaya ki tafi. Ki nemi a nuna miki makin kowane ɓangare: fahimtar magana, tunanin siffofi, riƙe abu a kai, saurin aiki. A nan ne ake ganin ainihin yaron.

A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya tara yara fiye da 1,500 masu maki mafi girma, aka yi ta bibiyar rayuwarsu har tsufa. Da yawansu sun yi fice a ayyukansu. Amma akwai yaron da aka gwada bai kai layin ba, William Shockley, shi ne ya zo ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1956, alhali cikin zaɓaɓɓun babu wanda ya same ta. Na kawo wannan ne don in yaronki bai kai layinsu ba, kada zuciyarki ta karaya, kuma kada ya ji a bakinki cewa ya faɗi.

Yanzu shirin kansa. Wanda ya fi yawa shi ne a fitar da yaro daga ajinsu sa'a ɗaya ko biyu a mako, a yi wasannin ƙwaƙwalwa da ɗan aikin bincike, a mayar da shi. Yana da daɗi, kuma akwai amfani ɗaya babba da ba na raina shi: yaron zai samu abokan da ke fahimtar maganarsa, ya daina jin shi kaɗai ne daban. Amma ta fuskar karatu, sa'a biyu ba za ta gyara sauran sa'o'in mako ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan wata babbar gundumar makarantu a Amurka ya kwatanta yaran da suka shiga shirin da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar, bai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba a sakamakon jarrabawarsu. Wato shiga kaɗai ba ta isa ba, sai abin da ake koyarwa ya canza.

In kin je makarantar, ki tambaye su sa'a nawa ne a mako. Ki tambayi wane horo malamin shirin ya samu a kan irin waɗannan yara. Sannan, kuma wannan ita ce babbar tambayar, aikin da ya wuce shi a ajinsu yayin da yake can, ana yafe masa ko sai ya rama? In sai ya rama, to an ninka masa kaya ne, kuma ba da jimawa ba zai ce ba ya so. Ki kuma ce su nuna miki aikin da yaran suka yi a zangon da ya wuce, ki gani da idonki.

Abin da ya fi ƙarfin hujja a bincike shi ne a bar yaro ya yi gaba da saurinsa. Julian Stanley ya fara wani bincike a Jami'ar Johns Hopkins a 1971 a kan yara masu baiwar lissafi, aka bibiyi dubbansu shekaru da dama. An ga waɗanda aka tsallakar da su aji sun fi takwarorinsu masu irin basirarsu kaiwa ga digirin digirgir da wallafa bincike. Amma ba na so ki fara da tsallaken aji. Akwai matakai biyu kafin shi.

Na farko, taƙaita manhaja. Ki roƙi malamarsa, cikin girmamawa, ta ba shi gwajin ƙarshen babi tun kafin a fara babin. In ya ci 85 ko 90 cikin 100, ta duba 'yan wuraren da ya kuskure ta koya masa su kaɗai, sauran lokacin a ba shi aiki mai zurfi a fannin. Sally Reis da abokan aikinta a Jami'ar Connecticut sun gwada wannan, suka ga za a iya cire kashi 40 zuwa 50 na manhajar irin waɗannan yara ba tare da makinsu ya sauka ba. Inda ake ɓata shi wuri biyu ne. Wata malamar in ya gama lissafi 10 sai ta ƙara masa 20 irinsu, yaro kuwa ba wawa ba ne, gobe zai ja ƙafa don kada a ƙara. Wata kuma sai ta mai da shi mataimakinta, kullum yana koya wa 'yan aji. Jefi-jefi babu laifi, amma shi ma koyo ya zo yi.

Na biyu, ɗaga shi a darasi ɗaya. In lissafi ne ƙarfinsa, ya riƙa zuwa aji na gaba a lokacin lissafi, ya dawo cikin tsaransa a sauran darussa. Matsalarsa jadawali ce, sai azuzuwan biyu suna lissafi a lokaci guda, don haka tun farkon zango ake tsara shi da shugaban makaranta.

In an yi waɗannan, aka ga a kusan dukkan darussa ya wuce ajinsa, sai a yi maganar tsallake. A gwada shi da jarrabawar ajin da zai tsallake, a ga giɓin da zai bari, a cike shi a hutu. A tambayi yaron da kansa ko yana so, in ya ƙi a dakata. A tabbatar malamin da zai karɓe shi yana maraba da shi. In akwai yayansa a ajin da za a kai shi, a yi tunani sosai, don yana iya jawo ɓacin rai a gida. Kuma a ce gwaji ne na kamar mako shida, yadda in bai yi ba zai koma ba tare da kunya ba.

Akwai abin da iyaye kan manta, Hajiya. Tunaninsa na iya zama na ɗan shekara 11, amma hannunsa da zuciyarsa na ɗan 7 ne. Zai yi miki bayanin yadda wata ke zagaya duniya, bayan minti biyu yana birgima a ƙasa saboda fensirinsa ya karye. Kada a ce masa, kai da wayonka kake wannan? Rubutunsa ma zai iya yin baya, don kansa na gudu hannun bai kai ba. Amma in kin ga giɓin ya yi yawa, bakinsa zaƙwai amma karatu ko rubutu na gagararsa, ko sam ba ya iya natsuwa ko a abin da yake so, a kai shi a duba shi. Baiwa tana haɗuwa da matsalar karatu ko ta natsuwa a yaro ɗaya, kowacce ta ɓoye ɗayar, a yi shekaru ana kiransa malalaci.

Sai yabo. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun yi gwaji da 'yan aji biyar: wasu aka yaba musu basira, wasu aka yaba musu ƙoƙari. Waɗanda aka ce suna da basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi bayan nan, da suka gamu da mai wuya kuma suka fi saurin karaya. Don haka maimakon "kai ai ƙwaro ne", ki ce, "Na ga hanyar farko ta ƙi, ka sake wata, nuna mini yadda ka yi." Kuma don Allah kada a riƙa kiransa gaban baƙi ya nuna bajinta, kada a ce wa 'yan'uwansa ku dubi wane.

A gida ba sai kin cika masa rana da darussa ba. Littattafai da yawa, lokacin wasa da yara, barci sa'a 9 zuwa 12 kamar yadda likitoci ke cewa ga masu shekarunsa, da abu ɗaya wanda bai iya ba tun farko, wani sabon harshe ne, zane ne, ko wasan motsa jiki, ya daure a kansa aƙalla zango guda. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ku buɗe littafi ku nema tare.

A wannan makon dai, ki nemi ganin malamarsa, ki tafi da littattafan aikinsa biyu ko uku da abin da yake karantawa a gida, ki roƙi wancan gwajin na kafin babi a lissafi. In sakamakon ya fito ki turo mana makin da wuraren da ya kuskure, sai mu duba mataki na gaba. Allah ya raya mana su, ya albarkaci rayuwarsu. Wassalamu alaikum.