Ina da Lambar Asusunsa, Me Ya Hana a Kama Shi?

Tambaya: Na ga tallar injin ban ruwa a Facebook, muka yi ciniki da mai shi ta WhatsApp, na tura masa naira dubu 380, daga nan ya toshe layina. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na ba su lambar asusun da sunan da ke kansa, amma yau wata biyar ke nan ba a kama kowa ba. Me ya kawo wannan jinkiri? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Sunan da ka gani a kan asusun sau da yawa ba na ɗan damfarar ba ne, domin irin waɗannan mutane hayar asusu suke yi a hannun ɗalibi ko wani talaka, kuma kafin ka farga an cire kuɗin a wurin masu POS biyu ko uku. Idan jami'ai suka bi sawu, sai su tarar da yaron da aka ba 'yan kuɗi kaɗan, wanda ko fuskar ubangidan nasa bai taɓa gani ba.

Doka kam akwai ta. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta abin da aka yi maka, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar da aka shigar ƙarƙashinta. Wahalar tana wajen hujja. Bayanan wanda ya buɗe shafin suna hannun Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, a Amurka, inda umarnin alƙalin Nijeriya ba ya aiki kai tsaye, sai an bi ta ofishin Antoni Janar na Tarayya an nemi taimakon hukumomin can, abin da kan ci watanni. Ko da yake Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Budafes, ta haɗin kan ƙasashe wajen yaƙi da laifuffukan intanet, a 2022, takardu ba su daina tafiyar hawainiya ba. Idan kuwa mutumin ya tsallaka Illela ya shiga Birnin Ƙonni da ke Jamhuriyar Nijar, magana ta koma tsakanin ƙasa da ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shari'ar da ke rushewa bayan an kama mai laifi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta cewa hujjar da ta fito daga kwamfuta ko waya sai an tabbatar wa kotu da ingancin na'urar da ta fitar da ita, galibi ta takardar shaida, in ba haka ba lauyan wanda ake tuhuma ya nemi a yi watsi da ita.

Saboda haka kada ka goge hirarku, kada kuma ka sayar da wayar. Ka karɓi bayanin asusunka mai hatimin banki, ka haɗa shi da takardar koke, ka kai ofishin EFCC da ke nan Sakkwato, sannan ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka.