Mai gyaran waya ya ce zai sa min VPN kyauta a cikin ruta: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tura kuɗi da buga takardu a Tawa, kwamfuta biyu da wayoyin yarana duk a kan ruta ɗaya suke. Watan jiya aka kwashe wa maƙwabcina kuɗin da ke cikin wayarsa, tun ranar barci bai ƙara yi min daɗi ba. Wani yaro mai gyaran waya ya ce in kawo rutar ya yi mata filashin da manhajar da ya samo a wani zauren WhatsApp, wai da VPN kyauta a ciki da kil-suwic, daga nan ba mai ganina, ba mai taɓa ni. Jaka 40 na sayi rutar, ina tsoron ta mutu, ina kuma tsoron in zauna haka. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Kada ka kai rutar nan.

Filashin kansa, wato sauya manhajar da ke tafiyar da ruta, ba laifi ba ne. OpenWrt, manhajar ruta ta kyauta wadda ta faro a 2004 a kan rutar Linksys WRT54G, ita nake sa wa mutane a nan Yamai, kuma ta fi manhajar kamfanin da aka daina sabuntawa tun da daɗewa. Amma daga shafin OpenWrt ake ɗauko ta, bayan an juya rutar an karanta suna da lambar sigarta. Misali, rutar Archer C6 v2 da v3 suna ɗaya ne, kayan ciki daban, in aka ɗura wa ɗaya fayil ɗin ɗayar da ƙarfi ta zama dutse. Karon farko fayil mai alamar factory ake sawa, sysupgrade na sabuntawa ne daga baya. A gwada lambar sha256, wadda ke tabbatar da fayil ɗin bai sauya ba, a haɗa kwamfuta da kebul, a kuma jona rutar a batiri, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, abin da kake tsoro ya faru. Ruta mai ma'aji MB 4 da RAM MB 32 ka manta da ita, nemi mai 16 da 128 ko sama. In kuwa akwatin 4G ne mai cin sim, yawancinsu ba sa karɓa. Bar shi yadda yake, ka jona wata ruta a bayansa. Da an gama filashin, wifi a kashe yake zuwa kuma rutar babu kalmar sirri, ita za ka fara sawa.

Kil-suwic, wato makatsi, doka ce a katangar tsaron rutar. Ka buɗe wa WireGuard, manhajar da ke haɗa bututun VPN, yankinsa, ka ba lan (na'urorin cikin shago) izinin wucewa zuwa can, ka goge izinin da ke tsakanin lan da wan (layin fita intanet). In bututun ya yanke, zirga-zirga ta tsaya cik. Sai dai tambayoyin DNS, wato neman adireshin shafin da za a buɗe, rutar ce ke fitar da su da kanta, suna iya bin tsohuwar hanya in ba a karkata su cikin bututun ba, haka ma IPv6, sabon tsarin adireshin intanet. Akwai kuma abin da ke damunmu lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa: ƙananan rutoci ba su da batirin agogo, wuta ta dawo agogo ya koma baya, sabar WireGuard, wato kwamfutar da ke ɗaya bakin bututun, ta ƙi amsa gaisuwa. Sai mutum ya ga ba intanet ya cire makatsin gaba ɗaya. A bar rutar ta samo lokaci ta NTP, hanyar saita agogo ta intanet, a layin wan, matsalar ta kau.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ka kai. Maganar nan ta "ba mai ganinka, ba mai taɓa ka" kusan kullum sai na ji ta, kuma wallahi ta ishe ni. VPN ba laya ba ce. Abin da take yi kawai, ta ɗauke idon kamfanin da ke ba ka rezo daga inda kake shiga, ta miƙa wa mai sabar. Ka sauya wanda ka ba amana ne. To wane ne mai sabar da ke cikin fayil ɗin WhatsApp? Yaron bai san shi ba, wanda ya turo masa ma bai san shi ba. Saba kuɗi take ci duk wata, wanda ya ba dubban mutane kyauta yana mayar da kuɗinsa ta wata hanya. A 2015 aka gano Hola, wata VPN ta kyauta, na sayar da layin masu amfani da ita ga wasu. Facebook ta sayi VPN ɗin Onavo a 2013 tana leƙen manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire ta daga shagon Apple a 2018. A watan Mayun 2024 hukumomin Amurka suka rusa 911 S5, wadda ta mamaye adireshin IP sama da miliyan 19 ta hanyar VPN na kyauta irin su MaskVPN da DewVPN. Ƴan damfara suka riƙa hayar adireshin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, suna aikata ta'asa da shi. Waɗannan a waya ko kwamfuta ɗaya suke zama. Naka ya fi muni, domin a ruta za a dasa shi, ƙofar da kowa a shagon ke bi. Kuma ka lura, makatsi a kan irin wannan manhaja yana tabbatar da cewa ko ƙwaya ba ta fita sai ta hannun baƙon nan. Ka ba kura ajiyar nama, ka kuma kulle mata ƙofa.

Sannan ka je ka tambayi maƙwabcinka yadda abin ya faru. Yawancin waɗanda ke zuwa min da wannan kuka, kira aka yi musu da sunan ma'aikacin kamfani, ko aka ce an turo kuɗi bisa kuskure, suka karanta lambar da ta shigo da bakinsu. Ina ruwan VPN da wannan? Kuɗin da ake turawa ta lambobin tauraro da sim ba sa bi ta ruta ko kaɗan. Wayar yaronka ma, in wifi ya tsaya, data take komawa, makatsin ruta bai san da ita ba; sai an kunna mata « VPN permanent » da « Bloquer les connexions sans VPN » a cikin Android. Wasu kamfanonin kuɗi kuma suna tsayar da asusu in suka ga an shigo daga adireshin wata ƙasa.

Masu gyara, ƴan'uwana, ku ji tsoron Allah. Kuɗin da ke shagon nan na manomin albasa ne da matar da ɗanta ya aiko mata daga Abijan. Ba a sa wa mutum manhajar da ba a san marubucinta ba don jaka 2.

Alhaji, in kana son OpenWrt, nemo wanda zai sauke ta a gabanka daga shafinta, da VPN na biya wanda ke ba da fayil ɗin WireGuard. Kafin ka sallame shi, ya kashe bututun, ku buɗe shafi a kwamfuta: in ya buɗe, aiki bai yi ba. Ya cire wutar rutar ya mayar, ku ga ta dawo da kanta. Ka ware wa baƙi wifi dabam da na kwamfutar kuɗi. Yau da dare kuma ka tara yaranka ka gaya musu, ko wa ya kira, ko da sunan kamfani ne, ba a karanta masa lamba.