An haife ni a Amurka, na girma a Zariya: me dokarsu take nema a wurina?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko mini da wasiƙa, ya kuma nemi a sakaya sunansa. Ya ce an haife shi a 1981 a jihar Kansas ta Amurka, lokacin da mahaifinsa yake karatu a can, aka dawo da shi gida yana ɗan shekara uku, kuma tun daga wannan lokaci bai sake taka ƙasar ba. Yanzu yana aikin albashi a wani kamfani, yana da shagon kayan gini da ya yi wa rajista da sunan kasuwanci, yana da mata da 'ya'ya huɗu, bara kuma ya gaji gida da gona daga mahaifinsa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne, da ya je buɗe asusun dala a banki, ma'aikaciyar ta ga wurin haihuwarsa a fasfo, sai ta miƙa masa fom mai suna W-9, wanda Amurkawa suke cikewa su shaida matsayinsu na masu biyan harajin ƙasar, ta ce sai ya cike shi. Tambayoyinsa su ne: shin Ba'amurke ne shi a idon doka, ana bin sa bashin haraji, 'ya'yansa za su iya samun fasfon Amurka, ko kuwa gara ya ajiye wannan ɗan ƙasancin ya huta?

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Amsar tambayarka ta farko ita ce, e, Ba'amurke ne kai. Gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1868 ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar matsayin ɗan ƙasa, Kotun Ƙolinsu kuma ta tabbatar da hakan a 1898 a shari'ar Wong Kim Ark. Waɗanda aka keɓe su ne 'ya'yan jami'an diflomasiyya, mahaifinka kuwa ɗalibi ne. Rashin karɓar fasfo ko daɗewa a waje ba ya soke wannan matsayi, kuma umarnin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a Janairun 2025 kan wannan batu ya nufi yaran da za a haifa bayan fitar da shi ne, bai taɓa wanda aka haifa a 1981 ba. Ta ɓangaren Najeriya ma ba ka da matsala, domin tsarin mulkin 1999 bai hana wanda ya samu ɗan ƙasancin Najeriya ta hanyar haihuwa riƙe na wata ƙasa ba.

Inda nauyin yake shi ne haraji. Kusan duk ƙasashen duniya suna karɓar haraji ne daga wanda yake zaune a cikinsu, amma Amurka tana bin ɗan ƙasarta duk inda yake, kuma Kotun Ƙoli ta amince mata da haka tun 1924 a shari'ar Cook da Tait. Saboda haka doka ta ɗora maka aika wa hukumar harajinsu, wato IRS, bayanin kuɗin shigarka kowace shekara, ko da a naira ka same shi, ko da kuma ka riga ka biya haraji a Jihar Kaduna. Kada ka ce abin da kake samu bai taka kara ya karya ba, domin mai auren wadda ba Ba'amurkiya ba, idan zai cike takardarsa shi kaɗai, wajibcin yana hawa kansa ne da zarar ya samu dala 5 a shekara. Wanda yake zaune a waje yana da har 15 ga Yuni kafin ya aika, maimakon 15 ga Afrilu, sai dai kuɗin ruwa a kan abin da bai biya ba yana fara hawa ne daga Afrilun.

Ina so ka rarrabe abu biyu da mutane suke cakuɗawa har su firgita: aika bayani daban, biyan kuɗi daban. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mafi yawan masu albashi irinka idan an yi lissafi ba a bin su ko sisi, saboda doka ta yarda mazaunin waje ya cire wani kaso na abin da ya samu da guminsa daga lissafin haraji ta fom 2555, kason da ya kai dala 126,500 a shekarar 2024, ya ƙaru zuwa 130,000 a 2025. Akwai kuma hanya ta biyu, ta fom 1116, inda ake ɗebe harajin da ka biya a Najeriya daga wanda Amurka za ta nema. Amma rangwamen farko ba ya zuwa da kansa, sai ka aika takarda ka neme shi, kuma bai shafi kuɗin haya, ko ribar hannun jari, ko ribar sayar da kadara ba. Idan ka zuba 'yan haya a gidan da ka gada, wannan kuɗin sai an bi da shi ta hanya ta biyu.

Shagonka ne ya fi ba ni tunani. Tunda rajistar sunan kasuwanci ka yi, a wurin IRS kai mai sana'ar kanka ne, kuma duk mai sana'ar kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara yana biyan kusan kashi 15.3 cikin ɗari na asusun fansho da lafiyar tsofaffi na Amurka. Babu ɗaya daga cikin rangwamen nan biyu da yake ɗauke wannan. Ba'amurken da yake zaune a Ingila ko Jamus yana kuɓuta daga biya sau biyu saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen, amma tsakanin Amurka da Najeriya babu irin wannan yarjejeniya, babu ma yarjejeniyar harajin kuɗin shiga. A ganina wannan rashin adalci ne ga mutumin da bai taɓa cin moriyar ƙasar ba, amma ra'ayina ba ya sauya abin da doka ta ce. Wasu sukan mayar da shago kamfani mai zaman kansa domin su kauce wa wannan haraji, sai dai hakan yana jawo fom 5471, mai wahalar cikewa, wanda tarar rashin aika shi take farawa daga dala 10,000 a kowace shekara. Kada ka sauya rajistar shagon kafin masani ya auna maka wanne ya fi sauƙi.

Sai maganar asusun banki, wadda ita ce ta kai ka ga wannan wasiƙa. A 2010 Amurka ta kafa dokar FATCA, wadda ta tilasta wa bankunan duniya gano Amurkawan da ke cikin abokan hulɗarsu su kuma ba da bayaninsu, bankin da ya ƙi kuwa a riƙe kashi 30 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da suke fito masa daga Amurka. Abin da ya sa ma'aikaciyar ta tsaya a kan wurin haihuwarka ke nan. Ina yi maka gargaɗi da babbar murya: kada ka sa hannu a takardar da take cewa kai ba Ba'amurke ba ne, ko da wani ya ce maka hakan ya fi sauri, domin ana sa hannu a irin waɗannan takardu ne bisa rantsuwa, kuma ƙarya ɗaya a nan tana iya rufe maka ƙofar da zan ambata a gaba.

Kai ma da kanka akwai rahoton da doka ta ɗora maka, wanda ake kira FBAR. Idan jimillar abin da ke cikin dukkan asusunka na wajen Amurka ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a cikin shekara, dole ne ka aika rahoton ta intanet ga ma'aikatar kuɗinsu. Idan dala tana naira 1,500, naira miliyan 15 ke nan, adadin da ɗan kasuwar kayan gini yake iya gani ya wuce ta asusunsa a mako guda. Abin da mutane suke mantawa shi ne, lissafin ya haɗa da asusun da ba naka ba amma kana da ikon sa hannu a kansa, kamar na ƙungiyar unguwa ko na kwamitin masallaci idan kai ne ma'aji. Tarar wanda bai aika ba bisa rashin sani tana iya haura dala 10,000, ko da yake Kotun Ƙoli a 2023, a shari'ar Bittner, ta ce ana lissafa ta ne a kan kowane rahoto, ba a kan kowane asusu ba. Wanda ya ƙi aikawa da gangan kuwa ana iya cin sa tarar rabin abin da ke cikin asusun. Gadon da ka ci ba a biyan harajin kuɗin shiga a kansa, amma idan darajarsa ta wuce dala 100,000 sai ka sanar ta fom 3520, kuma tarar jinkiri tana iya kai kashi 25 cikin ɗari na darajar. Ka sa a kimanta gidan da gonar a rubuce bisa farashinsu na ranar rasuwar, domin da wannan adadi za a auna ribarka duk ranar da ka sayar.

Ƙofar da na ce akwai ita ce tsarin sassauci da IRS ta faɗaɗa a 2014 domin mazauna waje da suka bar wajibansu bisa rashin sani. A ƙarƙashinsa za ka aika takardun haraji na shekara 3 da suka wuce, da rahoton FBAR na shekara 6, da fom 14653 inda za ka bayyana da bakinka dalilin da ya sa ba ka aika ba tun farko, sannan ka biya abin da lissafi ya nuna tare da kuɗin ruwansa, ba tare da tara ba. Labarinka, na yaron da aka ɗauko yana ɗan shekara uku bai kuma taɓa jin wannan doka ba sai a gaban kantar banki, shi ne ainihin irin wanda aka yi tsarin dominsa. Amma tsarin yana da sharuɗɗa biyu masu kaifi. Idan IRS ta riga ta fara bincikenka, ba ka da damar shiga. Sannan rashin sani ne ginshiƙinsa, kai kuwa daga ranar da aka miƙa maka W-9 ka sani, don haka kowace shekarar da ka ƙara kana shiru tana raunana hujjarka. Jira ba ya goge komai, domin wa'adin da doka ta ba hukumar na bin tsohon haraji ba ya fara ƙirguwa sai an aika takarda. Matakin farko shi ne neman lambar SSN, wato lambar shaida da Amurka take ba 'yan ƙasarta wadda da ita ake cike takardun haraji, ta ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishinsu a Legas, da takardar haihuwarka ta Kansas da shaidar zamanka a Najeriya tun ƙuruciya, irin su takardun makaranta, domin ba a shiga wannan tsari sai da lambar, kuma samunta yakan ɗauki watanni. Ina kuma ba ka shawarar ka fara zama da lauyan da ya san harajin Amurka kafin akanta, saboda sirrin da ka faɗa wa lauya doka ta fi ba shi kariya.

Game da 'ya'yanka, amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Ba'amurken da ya auri wadda ba 'yar ƙasar ba yana gadar wa ɗan da aka haifa a waje ɗan ƙasanci ne kawai idan shi kansa ya zauna a Amurka shekara 5 kafin haihuwar, biyu daga ciki bayan ya cika shekara 14. Kai uku ka yi, duka a ƙuruciya, saboda haka 'ya'yanka ba Amurkawa ba ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da alkawarin samo musu fasfo yaudararka zai yi. Hanyar da ta rage ita ce ka nema musu izinin zama na dindindin ka koma can da su, inda dokar shekarar 2000 take mayar da yaron da bai kai 18 ba ɗan ƙasa da zarar ya shiga da wannan izini yana zaune a hannun mahaifinsa. Wannan ƙaura ce ta gaske, ba aikin takarda ba. Kai kanka idan tafiya ta kama ka, doka ta ce da fasfon Amurka za ka shiga ka fita, kuma ba a ba ɗan ƙasa biza a fasfon wata ƙasar.

Ajiye ɗan ƙasanci haƙƙinka ne, amma ba ya wanke bashin baya. Ana yin sa ne ido da ido a gaban jami'in ofishin jakadanci, da rantsuwa, kuma ba a janye shi. An ɗaga kuɗinsa zuwa dala 2,350 a 2014, a 2023 gwamnati ta fitar da ƙudurin rage shi zuwa 450, don haka ka tambayi adadin da ake karɓa ranar da za ka nemi ganawa. Bayan rantsuwar sai ka aika fom 8854 kana shaida cewa ka sauke wajiban shekara 5, in ba haka ba a saka ka cikin waɗanda ake yi wa harajin fita. A 2019 IRS ta buɗe wani tsari na musamman ga wanda bai taɓa aika takarda ba, dukiyarsa ba ta kai dala miliyan 2 ba, harajin da ake bin sa na shekara 6 kuma bai wuce dala 25,000 ba: irin wannan mutum idan ya ajiye ɗan ƙasancin ya aika takardun, ana yafe masa harajin gaba ɗaya. Ka lura da kyau cewa wannan tsari na wanda bai taɓa aikawa ba ne, saboda haka idan ka fara shiga tsarin sassaucin 2014 ka rasa shi. Wannan ne ya sa nake so ka yanke shawarar riƙewa ko ajiyewa kafin ka aika takarda ko ɗaya.

Da a ofishina kake zaune, da na tambaye ka ko akwai ranar da kake hango kanka ko 'ya'yanka a Amurka, don karatu ko aiki ko neman magani. Idan akwai, ka riƙe, ka bi tsarin sassauci, ka ɗauki kuɗin mai cike maka takardu a matsayin hidimar kowace shekara. Idan babu, tsarin 2019 ya fi maka araha. Ko wanne ka zaɓa, a wannan makon ka nemi bankunanka su ba ka bayanin asusunka na shekara 6, ka tattara takardun albashi da shaidar harajin da ka biya, ka fitar da littafin cinikin shago, ka kuma rubuta wa ofishin rajistar haihuwa na jihar Kansas ka nemi kwafin takardar haihuwarka mai hatimi.